Hannun Mai Gyaran Agogo

Shekara talatin da huɗu ina bakin kasuwar Dole,
gilashi a ido guda, hantsaki a yatsu,
ina ɗaukar ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba
in mai da ita ɗakinta.
Bara, bayan layya, hannun dama ya daina jin magana.
In na ajiye shi a cinya sai ya kama rawa,
babban yatsa na murza ɗan'uwansa
kamar mai jan carbi, alhali carbin na aljihu.
Rubutuna a littafin bashi ya ƙanƙance,
ya koma sawun tururuwa.

Kiyari ne ya goya ni a babur zuwa babban asibiti.
Likitar sa'ar 'yata Gaptiya ce.
Ta sa na taka zuwa ƙofa na dawo,
ta ce hannun nan ba ya lilo,
ta kira sunan cutar, sunan wani Bature, Parkinson.
Sannan ta ce, Baba, kana shan taba?

Na gyara zama.
Na ce na sha shekara biyar ina saurayi,
dare ɗaya na miƙa wa maigadi kwalin
ban sake waiwaya ba. Ko kewa.
Na dubi Kiyari, don da shi nake.

Ta juya biro a hannu, ta ce,
masu bincike sun daɗe suna ƙidaya,
sun ga wannan ciwo bai cika kama mashaya sigari ba
kamar yadda yake kama waɗanda ba sa sha.
Dalilin ne ba a tabbatar ba.
Wasu sun ce wani abu ne a cikin ganyen.
Wasu sun ce a'a, ƙwaƙwalwar da ciwon ya laɓe a ciki tun da wuri
ba ta jin daɗin taba sosai,
shi ya sa bari ke zo mata da sauƙi.

To, ka ji.
Gorin da nake wa Kiyari tun gashinmu na baƙi,
ƙarfin halin da nake taƙama da shi a majalisar shayi,
wataƙila baƙo ne ya riga ni shiga gida
ya shimfiɗa tabarma, ya yi shiru.

Kiyari ya fashe da dariya.
Ya ce, Nomau, ashe magani nake sha!
Dariyar ba ta kai ƙarshe ba tari ya tare ta,
irin mai fitowa daga ƙasan rijiya.
Ya dafa bango. Ya goge baki ya ɓoye hankicin.
Likita ta bar ni ta koma kansa,
ta ɗora ƙarfen sauraro a ƙirjinsa, ta daɗe,
ta ce, ba a ƙona rumbu don a kori ɓera.
Takarda biyu muka fito da su.
Tawa ta ƙwayoyi, tasa ta hoton ƙirji.

Yanzu da la'asar muna zama gindin duwatsun Birni,
inda muke hawa a guje muna yara.
Ni ƙafa ta ƙi, shi numfashi.
Shi ke zuba shayi, don ni sai in shayar da ƙasa.
Ni ke amsa gaisuwar masu wucewa
don ya adana iskarsa.
Akwai kara ɗaya a bayan kunnensa, kwana tara ke nan,
bai kunna ba, bai yar ba.

Jiya agogonsa ya tsaya, ƙarfe huɗu saura.
Ya miƙo mini kamar kullum, sai ya tuna.
Na ce buɗe bayansa.
Na ɗora masa gilashina a ido, na ba shi hantsaki.
Yatsunsa, da hayaƙi ya rina,
ko motsi ba sa yi.
Na ce hagu kaɗan. A'a, ka wuce. Dawo.
Kada ka yi tari yanzu, Kiyari,
ƙusar nan ba ni da wata.